Keken da Bai Kamata a Gyara Ba

Shagonmu ɗaki ɗaya ne aka raba da kantar sayar da kaya. Gaba nawa, baya na maigidana. Ni ina sayar da maɓalli da zare da zif, shi yana gyaran keken ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan muna haka, ni ina kallon titi, shi yana kallon bango. Teloli suna ce masa Injiniya, ko da yake ni da nake share masa akwati ban taɓa cin karo da takardar injiniyancin ba. Ni ma haka nake kiransa, musamman in ina son wani abu. Shi kuwa Mai Maɓalli yake ce mini, ko a gaban surukai.

Mutum ne mai kunne, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. In tela ya shigo da keke a kafaɗa, ba ya tambayarsa abin da ya faru. Sai ya juya wilin sau biyu, ya karkata kai, ya ce, "Man girki ka zuba masa." Tela ya yi ta rantsuwa, can a ƙarshe ya sosa ƙeya. Ba ya iya zama kusa da abu mai ƙara. Mun taɓa zuwa dubiya asibiti, kafin in gama yi wa mara lafiya sannu har ya ɗaure wa gadon noti biyu. Amma ku zo gidanmu ku ji ƙofar ɗakina. Tun haihuwar 'yarmu ta biyu take kuka, ƙiii in an buɗe, ƙiii in an rufe, kuma 'yar nan yanzu ita ma goyo gare ta. Duk ranar da na yi magana sai ya ce, "Gobe, in Allah ya kai mu." Allah kuwa yana ta kai mu.

Ƙanwata ce ta sa mini wata manhaja a waya, wai ita Miƙo Min. Ta ce na cika zaman kallon titi. Abin ba wuya: mutum zai rubuta abin da yake nema, hoto ne ko murya ko ɗan bidiyo, duk wanda yake da shi a kusa sai ya ɗauka ya ɗora masa. In mai roƙon ya ji daɗi, ya ba ka tauraro. Tauraron ba ya sayen ko gishiri, amma wallahi akwai daɗi. Kowane roƙo kwana bakwai yake yi, in ba a biya ba sai a sauke shi.

Da farko kallo kawai nake yi ina dariya. Wani yana neman ƙarar ruwan sama a kan kwano, wai inda yake zaune rufin siminti ne, barci ya ƙi shi. Wata malamar makaranta tana son hoton hannu yana zura zare a allura. Wani ɗalibi mai haɗa fim yana neman ƙarar tsabar abubuwa ana zuba su a gwangwani. Wannan na ƙarshe shi ya ja ni. Na ɗebi maɓallai cike da hannu na zuba a gwangwanin madara, na ɗauka, na ɗora. Kafin azahar ya aiko da godiya har layi huɗu. Tun daga ranar na zama 'yar gida. Na koyi rufe ƙofar shago in zan ɗauki sauti, na koyi ɗora wayar a kan tsumma don kada tebur ya sa ta rawa. Taurarina sun kai sittin da biyu.

Injiniya bai taɓa ɗaukar abin da daraja ba. "Mutane sun ƙoshi," in ji shi. "Mu muna neman yadda za mu kashe ƙara, ke kina tara ta kina rabawa duniya." Shi ya sa na daina ba shi labari. In na ce zan ɗauki sauti, iyakarsa ya kashe rediyo, shi ma sai na faɗa sau uku.

Ranar wata Litinin da hantsi na ga roƙon. Mai shi ta sa wa kanta suna Autar Tela. Ta rubuta cewa mahaifiyarta ta yi shekara arba'in tana ɗinki da keken ƙafa. Ido ya tafi, ƙarfi ya ƙare, sai 'ya'yan suka ɗauko ta daga tsohon gidanta suka kawo ta bene wurin autar, keken kuma aka bayar da shi, ba a ma san hannun da ya faɗa ba. Tun da ta zo, wata biyar ke nan, ta daina magana. Ba rashin lafiya ba ce, likita ya duba. Tana zaune kawai, fuska ga bango, abinci sai an yi da gaske take cin loma uku. Autar ta ce ta kunna mata sautin kekuna iri-iri da ta samu, tsohuwa ko motsi. Sai ta tuna nasu keken yana da wata ƙara, ƙwas, duk zagaye ɗaya, wadda suka tashi da ita a kunne tun suna yara. Ko akwai mai tsohon keke irin wannan?

Na karanta sau biyu. Tausayi ya kama ni, don ni ma na san yadda uwa take zama in an raba ta da ɗakinta.

A kusurwar Injiniya akwai wani baƙin keke da ya fi shekara shida a ajiye. Wani tela ya kawo, ya ce zai dawo, har yau muna jiransa. Mun mai da shi wurin ɗora tabarmar salla da buta. Na sauke kayan, na kaɗe ƙura, na zauna na taka. Ai kuwa sai ga shi: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi. Na ɗauki daƙiƙa goma don gwaji na tura. A cikin goman nan har da hon ɗin babur, har da muryata ina cewa, "Don Allah ka kashe rediyon nan, ko kurma ne kai?" Ban lura ba sai da na riga na ɗora.

Ba a yi rabin awa ba ta amso. "Mama, shi ne! Wallahi shi ne, har tsigar jikina ta tashi. Don girman Allah ki ɗauko mini mai tsawo, kamar minti goma, ba hayaniya. Ki gaida mai rediyo."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Da yamma muna rufe shago na ce wa Injiniya, "Gobe in na dawo daga awon ido zan ɗauki sautin baƙin keken can. Wata ce take so, duniya za ta ji shi." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ce, "Wancan?" Na ce, "Shi." Ya ɗan kalli keken, ni kuma na ɗauka rainin da ya saba ne.

Washegari na dawo wajen sha ɗaya, an ɗiga mini magani a ido ina ganin komai dishi-dishi. Duk da haka na ga keken yana ƙyalli. An fito da shi tsakiyar shago, an goge shi, har zanen furen zinariyar da ke jikinsa ya fito. Injiniya yana tsaye gefe yana goge hannu da tsumma, yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

Na zauna na taka. Keken ya tafi sumul, shiru, kamar ana zuba ruwa a randa.

"Ina ƙarar?" na ce.

"Wace ƙara? Ai na kashe ta. Tun bakwai nake kansa."

"Na shiga uku! Wa ya aike ka?"

"Ke kika ce duniya za ta ji. So kike a ce daga shagona aka ɗauko keke yana ƙwas-ƙwas? Teloli su ji su ce me? Shekara talatin ina tara suna, ki zubar mini da shi a waya?"

"Ƙwas ɗin ake nema, Injiniya! Ƙwas ɗin!"

Ya dube ni kamar na ce masa ana neman zazzaɓi a saya.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. Na ce ga ƙofar ɗakina can shekara ashirin da shida tana roƙonsa da bakinta bai taɓa waiwayarta ba, sai keken da ba ruwansa ya tashi tun asuba ya far masa. Har mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, ya ga babu jini, ya koma. Da na gaji na zauna, sai zuciyata ta ce mini laifi tudu ne. Da na gaya masa dalili tun jiya, da ba a kai nan ba. Na hana shi labarin ne don kada ya yi mini dariya, ga shi na jawo wa baiwar Allah.

Na miƙa masa wayar. "Karanta."

Ya nemo tabarau, ya karanta a hankali yana motsa baki. Da ya kai wurin loma uku sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake karantawa. Mahaifiyarsa ma haka ta yi a ƙarshen rayuwarta, ni na yi jinyarta, na san abin da ya tuna. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"To ki tura mata na jiyan mana, ta yi ta maimaitawa."

"Da hon ɗin babur da ni ina ce maka kurma?"

Ya dubi keken. Can ya ce, "Ni fa ban iya ɓata abu ba."

"Yau za ka koya."

Ya tsuguna ƙarƙashin keken. Akwai wata sandar ƙarfe da ta haɗa feda da babban wili, a nan matsalar take. Ya sassauta notin da ke kanta, yana yi yana runtse ido kamar ana cire masa haƙori. Na taka. Ƙara ta fito, amma kwaram-kwaram ce, ba ƙwas ba. Ya ɗan ɗaure, ta koma kas-kas. Muka ɗauki wadda ta fi kama muka tura. Autar Tela ta amso da ladabinta, ta ce an gode ƙwarai, Allah ya saka, amma kamar ba shi ba ne, na jiyan ya fi.

Na karanta masa. Na zaci zai ce to a haƙura. Ashe na taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Tunda yake, tela bai taɓa dawo masa da aiki ya ce ba haka ba.

"Kunna mini na jiyan," ya ce.

Ya kara wayar a kunne, ya karkata kai yadda yake yi wa kekunan mutane. Ya saurara ya fi sau ashirin, kuma duk zagaye sai muryata ta ce masa kurma, ko a jikinsa. Ranar Laraba bai taɓa aikin kowa ba. Wani tela ya zo karɓar kekensa, ya tarar da Injiniya kwance a ƙasa yana wanke mai daga jikin ƙarfe da kananzir. Ya ce, "Injiniya, lafiya?" Ya ce, "Ɓatawa nake yi, ka dawo jibi." Telan ya fita yana waiwaye.

Sai ranar Alhamis ya gano. Ya ce ba notin ba ne kaɗai. A bakin sandar akwai wani ɗan zoben ƙarfe da ya cinye ta gefe ɗaya saboda shekaru, shi ne yake ba da ƙwas in wili ya zo sama. Ya cire shi ranar Talata ya sa sabo, tsohon kuma ya wurga a bokitin tarkace. Bokitin nan tun muna amarya da ango ake zuba masa ƙarfe, ba a taɓa juye shi ba. Muka shimfiɗa buhu a ƙasa muka kife shi. Ni da na ce ba na taɓa baƙin mai, sai ga ni durƙushe ina tona har gwiwar hannu. Zobba sun fi ɗari a ciki. Yana ɗauka, ya murza a yatsa, ya ajiye. Wajen la'asar ya ɗaga wani ya ce, "Ga ɗan banzan."

Ya mayar da shi, ya sassauta notin rabin juyi. Na taka. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Na yi guɗa a cikin shago, mai aski ya sake leƙowa.

Na ɗauko waya zan fara, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Haka za ki tura?"

"To me ya rage?"

"Ke takawa kawai kike yi, kamar mai tuƙa keken hawa. Wace tela ce take taka keke minti goma ba tsayawa? Kuma babu yadi a ƙarƙashin allura, fanko yake kuka. Makauniya ce fa, kunnenta ya fi naki da nawa. Tambayi yarinyar, me uwar take ɗinkawa?"

Na tambaya. Ta ce yawanci kayan makaranta na yara, riga da gajeren wando.

"Gajeren ɗinki ke nan," in ji shi. "A ja kaɗan, a tsaya, a juya, a ja. Aljihu, kwala, hannu."

Ranar Juma'a da safe, kafin titi ya cika, muka rufe ƙofar shago. Ya kashe rediyo da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Na ba shi ragowar shuɗin yadi da farin zare, na ɗora wayar a kan tsumma kusa da feda. Ban taɓa sanin ya iya ɗinki ba. Ashe shekara talatin yana kallon ƙafafun teloli ba a banza ba. Ya yanka, almakashi yana ƙaras-ƙaras a kan katako. Ya ja ɗinki, ya tsaya, ya ɗaga 'yar ƙafar da ke danne yadi, ya juya yadin, ya sauke, ya ci gaba. Ya ciji zare da haƙori. Duk tsawon lokacin ƙwas ɗin nan yana tafe, kuma duk bugu ɗaya sai na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya daure. Minti goma sha huɗu ya yi. Abin da ya fito wai riga ce, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko 'yar tsana ba za ta yarda ta sa ba. Na ɗora sautin, saura kwana biyu roƙon ya faɗi.

Juma'a ta wuce shiru. Asabar ma haka. Injiniya, wanda ya ce mutane sun ƙoshi, ya tambaye ni "Ta amso?" ya fi sau goma. Har cewa ya yi ko wayar ce ta lalace in ba shi ya duba. Na ce ya yi wa Allah ya bar mini ita yadda take.

Ranar Lahadi da hantsi muna gida, ina tsintar wake a tsakar gida, wayar ta yi ƙara. Tauraro ne, da saƙon murya. Na kira shi, ya fito da ɗan tawul a wuya, muka zauna a kan benci ɗaya.

Da farko kekenmu muka ji, can nesa, a cikin wani ɗaki da ba mu taɓa gani ba. Ja, tsayawa, almakashi. Ya yi kamar minti biyu haka. Sai muka ji wani ɗan sauti, taf, taf, taf, yana bin ƙwas ɗin daidai. Autar ta yi raɗa kusa da wayar, "Ƙafarta ce, Mama. Ƙafarta ce a kan tabarma."

Sannan wata murya ta fito, a shaƙe, irin wadda ta daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Har yanzu bai ɗaure notin nan ba?"

Muka ji autar ta yi wani abu tsakanin dariya da kuka. Tsohuwar ta ci gaba, da ƙarfinta yanzu, har da tsaki. "Kullum gobe, kullum gobe. Kuma wane ne a kan keken? Ya iya tafiya, amma yana tsoron kwana in ɗinki ya zo lanƙwasa. A ce masa ya daina jan yadin, keke ya san hanyarsa."

Saƙon ya yanke a nan. A ƙasa autar ta rubuta cewa mahaifinsu ne mai goben. Shekara talatin yana cewa zai ɗaure notin, har Allah ya karɓi abinsa shekara tara da suka wuce bai ɗaure ba. Ta ce tun ranar Juma'a take kunnawa, sai yau tsohuwa ta tanka. Bayan nan ta ce a juya mata kujera ta fuskanci taga, ta nemi shayi, ta kuma yi mitar an cika sukari. Autar ta ce ba ta taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Ni dai hawaye nake yi a cikin waken, ban ma damu ba. Injiniya ya share fuska da tawul, wai zufa ce. Sannan ya ce, "Tsoron kwana. Ni?" Ya sa na sake kunna masa wurin har sau uku, yana girgiza kai yana murmushi. Ya ce gaskiyarta, yana jan yadin.

Keken yana nan a kusurwa, amma an daina ɗora masa buta. Ya rataya masa kwali da rubutun hannunsa: KADA A TAƁA. In tela ya juya wilin ya ce, "Injiniya, wannan ai yana ƙara," sai ya ce, "Na sani. Aiki yake yi." Sautin kuma yana nan a manhajar, mutum ɗari uku da wani abu sun sauke shi, ban san me suke yi da shi ba. Tauraron dai ya ce nasa ne, na ce ya zo ya cire.

A ranar Lahadin nan, bayan la'asar, ina ninke kaya a ɗaki sai na ji ƙiii. Na waiwaya. Ga shi tsaye a bakin ƙofa da 'yar butar mansa mai dogon baki, ya durƙusa yana duba maƙalar ƙofar. Shekara ashirin da shida ina jiran ranar nan.

"Tsaya," na ce.

Na ɗauko wayar na ɗora a kan tsumma. "Fita ka shigo."

"Yaya?"

"Yadda ka saba. Kamar ka dawo daga shago."

Ya fita. Na ji ya kaɗe takalmi sau biyu a bakin dakali, ya yi gyaran murya, ƙofar ta ce ƙiii, ya yi sallama. Na amsa. Na adana shi a wayar, wannan kam ban ɗora wa kowa ba.

Ya ɗaga butar man. "To, in ɗiga?"

Na karɓe ta daga hannunsa na ajiye a kan taga.

"Gobe," na ce, "in Allah ya kai mu."